Todd Duncan: malamin da aka aro daga aji aka kai dandamalin opera

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sauraron wata tsohuwar waƙar Turanci mai suna Unchained Melody, sai wani ya ce mini wanda ya fara rera ta baƙar fatar Amurka ne, Todd Duncan, mawaƙin opera kuma malamin murya. Wane ne shi? Kuma in har ya shahara kamar yadda ake faɗa, me ya kai shi ƙarewa a koyarwa? Ni a ganina wanda kasuwarsa ta mutu ne yake komawa aji. Sannan me ake koyarwa a murya, ba baiwa ce daga Allah ba?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Wanda ya ba ka labarin nan bai zuƙa maka ba. A 1955 aka fitar da wani fim na zaman gidan yari mai suna Unchained, a ciki Duncan ya fito a matsayin fursuna, yana kishingiɗe a kan gado yana rera waƙar, wani na kaɗa masa jita, sauran sun yi jugum suna saurare. Waƙar har ta shiga takarar kyautar Oscar. Wadda kake ji yau mai yiwuwa ta Righteous Brothers ce ta 1965, ita ce ta danne ta asalin har aka manta da ita. Amma cikin duk abin da bawan Allahn nan ya yi a duniya, wannan ce mafi ƙanƙanta, kuma lokacin ma ya riga ya haura hamsin.

Maganar "ƙarewa a koyarwa" ce zan fara gyara maka, domin da koyarwar ya fara. Ranar da sunansa ya fara fita a jaridun New York, ya riga ya shekara kusan goma yana tsaye a gaban ɗalibai. In ka riƙe wannan, sauran labarin zai zauna maka daidai.

An haifi Robert Todd Duncan ranar 12 ga Fabrairu, 1903, a garin Danville na jihar Kentucky. Mahaifiyarsa malamar kiɗa ce, a hannunta ya fara taɓa fiyano. Ya yi digirin farko a Jami'ar Butler da ke Indianapolis a 1925, ya koyar a birnin Louisville, sannan ya yi digiri na biyu a Jami'ar Columbia a 1930. Daga nan Jami'ar Howard da ke Washington ta ɗauke shi malamin murya, ya kuma riƙe wannan kujera har 1945. Howard ba ƙaramar makaranta ba ce a wurin baƙaƙen fatar Amurka. An kafa ta a 1867, shekara biyu bayan ƙarewar yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta, kuma a zamanin Duncan nan ne matattarar manyan masanansu, tunda jami'o'in fararen fata ba sa ɗaukar su aiki. Nnamdi Azikiwe ma ya ɗan yi karatu a can kafin ya koma Jami'ar Lincoln. Ka tuna kuma a wancan lokaci wariyar launin fata doka ce a kudancin ƙasar, tun hukuncin kotun ƙoli na 1896 da ya halatta a raba makaranta, jirgin ƙasa da wurin zama. Shi kansa Washington, babban birnin ƙasa, otal da gidan abinci da gidan wasa duk a rabe suke.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi daga farko har ƙarshe, mafi yawa da Italiyanci, Jamusanci ko Faransanci, ga makaɗa sittin ko tamanin a wani rami gaban dandamali, kuma babu makirfo. An kasa muryoyin maza uku: tena mai sama, bas mai ƙasa, bariton a tsakiya. Duncan bariton ne. A al'adar opera, tena ne saurayin da ake so, shi kuwa bariton yakan fito uba, ko abokin hamayya, ko mugu. A shekarun 1930 babu wani babban kamfanin opera a Amurka da zai ba mawaƙi baƙar fata babban matsayi a dandamalinsa. In labari ya buƙaci baƙin mutum, sai a shafa wa Bature baƙin kwalli a fuska. Haka kamfanin Metropolitan, mafi girma a ƙasar, ya yi wa Lawrence Tibbett a 1933. Don haka baƙaƙen fata masu ilimin waƙa suka riƙa haɗa ƙananan kamfanoninsu. A ɗaya daga ciki, Aeolian, Duncan ya fara fitowa a opera a 1934, a cikin Cavalleria Rusticana, a wani zaure na New York da ake kira Mecca Temple. Kada sunan ya ruɗe ka, wata ƙungiyar Amurkawa ce mai sha'awar aron sunayen Gabas ta gina shi, ba shi da wata alaƙa da Makka. Riƙe zauren nan, za mu dawo gare shi.

A daidai wannan lokaci mai tsara kiɗa George Gershwin yana neman wanda zai ɗauki babban matsayi a sabuwar operarsa, Porgy and Bess. Gershwin ya riga ya yi suna da kuɗi a waƙoƙin nishaɗi na Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York, yana so ya nuna shi ma zai iya babban aiki, ya kuma dage sai baƙaƙen fata na gaske ne za su rera ta. Ya saurari mawaƙa da yawa bai gamsu ba, sai mai sharhin kiɗa Olin Downes ya yi masa kwatancen wani malami a Howard. Yadda Duncan ya riƙa ba da labarin har tsufansa, shi bai ma ɗoki zuwan ba. A idonsa Gershwin mawaƙin kasuwa ne, shi kuwa malamin jami'a ne mai rera waƙoƙin Schubert da Brahms, manyan masu tsara kiɗa na Turai. Da ya je, yawancin waɗanda suka riga shi waƙoƙin coci na baƙaƙen fata suka rera, irin abin da suke zaton Bature yana so ya ji daga bakinsu. Shi sai ya ajiye wata tsohuwar waƙar Italiyanci a kan fiyano. Gershwin ya fara kaɗa masa, bayan 'yan layuka ya tsayar da shi, ya ce ya zagayo ya tsaya inda zai riƙa kallon fuskarsa. Bai bari ya kai ƙarshe ba ya tambaye shi ko zai zama Porgy. Duncan ya ce sai ya ji kiɗan tukuna. Ka duba fa, malami mai ɗan albashi yana gaya wa ɗaya daga cikin mawaƙan da suka fi kowa kuɗi a Amurka cewa sai ya ɗanɗana kafin ya saya. Gershwin ya yi dariya ya ce ya dawo mako mai zuwa. Ya dawo da matarsa Gladys, George da wansa Ira suka zauna suka rera musu operar da muryoyinsu marasa daɗi, kuma Duncan ya ce kafin su gama hawaye yake yi.

Nan ne mai koyar da murya yake cire hula. Porgy gurgu ne mai bara a wata unguwar talakawa a Charleston, yana yawo a ɗan keken da akuya ke ja. Wato Duncan a kan gwiwoyinsa ya rera wasan gaba ɗaya, sa'o'i kusan uku, dare bayan dare. Gwada ka gani. Durƙusa ka ja dogon numfashi, za ka ji ƙugu ya karye gaba, ciki ya matse, haƙarƙarin ƙasa sun ƙi buɗewa yadda suke yi in kana tsaye. Mawaƙin opera da ƙafafunsa yake tokare ƙasa ya sami inda zai jingina numfashi. In an ɗauke masa ƙafafu, abin da jiki ke yi da kansa shi ne ya mayar da nauyin kan wuya, wuya ya ƙulle, murya ta shaƙe, cikin 'yan makonni ta dishe. Wanda zai tsira sai wanda ya san yadda zai miƙar da gadon baya daga ƙugu zuwa ƙeya ko a durƙushe, ya bar tsokokin baya da na gefen ciki su yi aikin. Duncan ya rera Porgy sama da sau 1,800, kuma ya fito da muryarsa lafiya har ya ci gaba da rera waƙa shekaru da dama bayan haka. Baiwa kaɗai ba ta yin wannan.

An buɗe wasan a Boston ranar 30 ga Satumba, 1935, sannan a gidan wasa na Alvin a New York ranar 10 ga Oktoba. Anne Brown, ɗaliba daga makarantar kiɗa ta Juilliard, ita ce Bess. An yi wasa 124 aka rufe, kuɗin da aka zuba bai dawo ba, masu sharhi kuma suka tsaya gardamar ko opera ce ko wasan Broadway ne. Abin da ya fi ci mini rai a wannan babi shi ne maganar faifai. Kwanaki kaɗan da buɗewa kamfanin Victor ya naɗi waƙoƙin wasan, amma da muryoyin fararen fata biyu na Metropolitan, Tibbett ɗin nan da Helen Jepson. Waɗanda suka yi wahalar, Duncan da Brown, sai a 1940 kamfanin Decca ya naɗe su. Gershwin bai ga wannan ba, ya rasu a 1937 yana da shekara 38.

Bayan New York aka zaga da wasan wasu birane, zangon ƙarshe shi ne gidan wasa na National a Washington, a watan Maris na 1936. Gidan ba ya sayar wa baƙar fata tikiti. Wato Duncan zai hau dandamali a garin da yake zaune, ɗalibansa da abokan aikinsa ba su da ikon shiga su gan shi. Ya ce ba zai yi ba. Anne Brown ma ta ce ba za ta yi ba. Masu gidan suka fara ciniki: to, a bar baƙaƙen fata su shigo wasan rana na Laraba da Asabar. Ya ƙi. Suka ce to a ba su benen can sama a kowane wasa. Ya ƙi. Matsayinsa ɗaya ne, ba zai yi wasa a gidan da shi kansa ba zai iya sayen kowace kujera a ciki ba. Malaman Howard suka mara masa baya, cikinsu har da Ralph Bunche wanda daga baya ya sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1950. Daga ƙarshe gidan ya sauko, aka buɗe ƙofa ga kowa na tsawon makon. Wasan na tashi aka mayar da ƙofar aka rufe. Gidan ya yi taurin kai har a 1948 ya gwammace ya daina wasan kwaikwayo ya koma nuna fim da ya haɗa fari da baƙi, sai a 1952 aka sake buɗe shi ga kowa. Duk da haka, abin da Duncan ya yi ya riga shahararren taron waƙar da mawaƙiya baƙar fata Marian Anderson ta yi a 1939 a gaban ginin tunawa da Shugaba Lincoln da shekara uku, kuma ba a cika ambatonsa ba.

Ga nawa ra'ayin, kuma ra'ayi ne. Abin da ya ba shi ƙarfin cewa a'a, a gaban Gershwin da kuma a gaban masu gidan National, bai rasa nasaba da wannan koyarwar da kake rainawa. Ɗan wasan da ba shi da abin yi sai wasa, in an ce masa ga sharaɗi, yakan tuna kuɗin haya ya haɗiye. Duncan yana da aji da ke jiran sa ranar Litinin. Yana kuma da ɗalibai da za su dube shi a ido. Ban ce jarumtar ba tasa ba ce, Anne Brown ba ta da kujerar jami'a kuma ta tsaya. Amma mutumin da ke da inda zai koma ba a cika saye shi da araha ba.

Porgy ta ɗaga shi, ta kuma zame masa ƙaya. Tun a lokacin akwai baƙaƙen fata masu ilimi da suka soki wasan, suna cewa Turawa ne suka rubuta shi, kuma bai nuna komai na rayuwarsu ba sai caca, ƙwaya, kisa da talauci. Sukar tana da tushe. A gefe guda kuma, shekaru da yawa wannan ne kusan wasa ɗaya tilo da ke ba mawaƙan opera baƙaƙen fata aiki da albashi. Haɗarin shi ne in ka yi fice a ciki, sai a ɗauka iyakar abin da ka iya ke nan. Duncan ya koma Porgy a 1942 lokacin da aka farfaɗo da wasan, aka rage tsawonsa, ya kuma karɓu fiye da na farko. Tsakanin nan ya yi wasa a Landan a 1938, ya yi Cabin in the Sky a Broadway a 1940. Amma abin da ya karanta, abin da yake koya wa ɗalibai kullum, wato opera ta Italiya da Faransa, ƙofarta na nan a kulle.

Ta buɗe a watan Satumba na 1945. Kamfanin New York City Opera sabo ne a lokacin, an kafa shi a 1943 da goyon bayan magajin gari La Guardia don talaka ya iya sayen tikiti, kuma shugaban kiɗansa Laszlo Halasz ya ɗauki Duncan ya fito Tonio a cikin Pagliacci. Shi ne baƙar fata na farko da ya rera babban matsayi a wani babban kamfanin opera na Amurka tare da fararen fata, a matsayin da ba a rubuta shi don baƙi ba. Gidan kamfanin kuwa shi ne tsohon Mecca Temple ɗin nan, an sauya masa suna zuwa City Center. Zauren da ya shiga a 1934 da kamfanin 'yan'uwansa, shi ya sake shiga bayan shekara goma sha ɗaya ta babbar ƙofa. Wanda ya san Pagliacci zai ƙara gane nauyin abin. Kafin a ɗaga labule, Tonio ne yake leƙowa shi kaɗai, ya tsaya a gaban jama'a ya nemi izini, ya gaya musu cewa 'yan wasan da za su gani mutane ne masu jini da tsoka kamar su. Muryar farko da ake ji a wasan ke nan. Ya kuma rera Escamillo, mai wasa da bijimi a cikin Carmen, a kamfanin. Shekara guda bayan haka, a 1946, Camilla Williams ta bi sahunsa a wannan kamfani.

Metropolitan kuwa ba ta taɓa kiran sa ba. Sai a Janairun 1955 ta buɗe wa Marian Anderson, bayan makonni uku kuma Robert McFerrin, shi ma bariton, ya zama baƙin namiji na farko a can. Lokacin Duncan yana dab da 52. Ita kanta Porgy and Bess sai a 1985 ta hau dandamalin Metropolitan, shekara hamsin cif bayan an rubuta ta. To in ka ga jerin operar da Duncan ya yi gajere ne, kada ka auna muryarsa da shi, auna ƙofofin da aka rufe. Inda ya zuba ƙarfinsa shi ne waƙar zaure, shi da mai fiyano kaɗai, babu kayan wasa babu labule: an ƙiyasta ya yi irin wannan sama da sau 2,000 a ƙasashe 56. A wurin masu sana'ar, wannan ya fi opera tona asiri, domin babu makaɗan da za su rufa maka, kuma a dare ɗaya za ka rera da harshe uku ko huɗu.

Babban wasansa na ƙarshe a Broadway shi ne Lost in the Stars a 1949, kiɗan Kurt Weill, wanda aka ɗauko daga littafin Alan Paton na Afirka ta Kudu. Ya fito Stephen Kumalo, limamin coci Bazulu da ya tafi Johannesburg neman ɗansa, ya tarar ɗan ya kashe Bature. Shekara ɗaya ke nan da jam'iyyar da ta kafa mulkin wariya ta hau mulki a can, kuma 'yan kallon Amurka sun san ba Afirka ta Kudu kaɗai ake nufi ba.

Yanzu ga tambayarka ta ƙarshe. Baiwa gaskiya ce. Faɗin maƙogwaro, tsawon tantanin murya, girman kogon baki, kunnen da ke kama sauti daidai, babu malamin da zai ba ka su. Amma ko a gidan makaɗanmu, yaro mai zaƙin murya yakan shekara da shekaru yana amshi a bayan ubangidansa kafin a bar shi ya ja waƙa. Abin da malamin murya ke yi shi ne ya hana baiwar lalacewa, ya kuma sa ta yi abin da ba za ta yi da kanta ba.

Murya tana fitowa ne daga wasu tantani biyu a cikin maƙogwaro, tsawonsu a namiji bai wuce santimita biyu da 'yan kai ba. Iska daga huhu ke kaɗa su. In namiji na magana suna kaɗawa wajen sau 110 zuwa 120 a daƙiƙa, in bariton ya hau can sama su kai kusan 400. Sautin da suke yi shi kaɗai ba shi da daɗi ko ƙarfi, maƙoshi da baki ne ke gyara shi. Aikin farko shi ne numfashi, kuma yawancin masu farawa suna zaton yawan iska ake nema. A'a, riƙe ta ake koyo, a bar haƙarƙari a buɗe, iska ta fita kaɗan-kaɗan daidai buƙata. Mai tura iska da ƙarfi don a ji shi, kansa yake yi wa illa. Sai babban sirrin, wanda ya sa mutum ɗaya ke ratsa makaɗa tamanin ba makirfo. Ba fin su ƙara yake yi ba, ba zai iya ba. Ƙarfin kiɗan makaɗa ya fi taruwa a ƙasa, wajen kaɗawa 500 a daƙiƙa, daga nan yana raguwa. Horarren mawaƙi yakan sassauta maƙogwaro ya ɗan sauka, maƙoshi ya buɗe, sai muryarsa ta sami wani amo mai ƙyalli wajen kaɗawa 3,000, inda makaɗa suka yi rauni kuma kunnen ɗan Adam ya fi ji. Masanin Sweden Johan Sundberg ne ya auna wannan a shekarun 1970, amma malaman Italiya sun daɗe suna koyar da shi da kunne kawai. Shekaru ake yi ana neman wannan amo, kuma da zarar harshe ya ƙage ko muƙamuƙi ya cije, ya gudu.

Akwai kuma mahaɗa, wurin da murya ke sauya gado daga ta ƙirji zuwa ta kai. Kowa yana da ita, ita ce inda muryar mai waƙa ke karyewa in ya hau. A bariton nan ake yin ko a ɓata. Malami zai sa ka hawa da sauka a kan wasula, "a" zuwa "o" zuwa "u", kana ɗan rufe wasalin yayin da kake hawa, har ɗinkin ya ɓace mai saurare ya ji murya ɗaya daga ƙasa har sama. Sannan furuci na harsuna, sannan zaɓen waƙar da ta dace da shekarunka, domin waƙa mai nauyi a kan murya ɗanya ta kashe mawaƙa da yawa kafin su kai arba'in.

Dalilin da ya sa ba a koyon wannan daga littafi ko bidiyo shi ne, mawaƙi ba ya jin kansa yadda ake jin sa. Wani kaso na abin da kake ji ta ƙashin kanka yake zuwa. Shi ya sa ranar da ka fara jin muryarka a rikoda ka ce ba taka ba ce. Sau da yawa sautin da ke cika wa mawaƙi kai, ya ji kamar ya girgiza duniya, bai wuce layi na biyar a zaure ba, wanda kuma ya ji siriri a kunnensa shi ne ke isa kujerar ƙarshe. Kayan aikin kuma a ɓoye yake, ba ka ganin sa ba ka taɓa shi. Malamin waƙa ne ma, Manuel García, ya fara leƙa nasa maƙogwaron da ɗan madubi a 1854 don ya ga abin da yake koyarwa. Saboda haka ko manyan mawaƙa da ke cika zaure suna komawa wurin malami lokaci-lokaci, aron kunne suke zuwa yi.

Inda kake da 'yar gaskiya shi ne, akwai waɗanda ke buɗe aji don dandamali ya ƙi su, akwai kuma manyan taurari da in sun zo koyarwa ba sa tsinana komai. Wanda abu ya zo masa da sauƙi yakan kasa bayyana yadda yake yin sa, iyakarsa ya ce "yi kamar ni", ɗalibi ya kwaikwayi murya da ba tasa ba ya ji wa kansa ciwo. Duncan ta ɗaya hanyar ya biyo. Ya koyi warware matsalar muryar wani tun kafin duniya ta san tasa, sannan ya je ya gwada abin da yake faɗa a kan gwiwoyinsa sau 1,800, ya dawo. Bayan ya bar Howard a 1945 saboda yawan tafiye-tafiye, ya buɗe ajinsa na kansa a Washington, kuma bai daina karɓar ɗalibai ba har ya haura shekara 90. Waɗanda suka biyo bayansa ma haka suka yi, kuma ba don kasuwa ta mutu ba: Camilla Williams ta zama farfesar murya a Jami'ar Indiana a 1977, baƙar fata ta farko a wannan matsayi a can, George Shirley ya koma Jami'ar Michigan a 1987, Shirley Verrett ta same shi a can a 1996. Muryar opera tana da wa'adi, ƙalilan ne ke wuce sittin a dandamali, kunne da ilimi kuwa ƙaruwa suke yi. Duncan ya rasu a Washington ranar 28 ga Fabrairu, 1998, yana da shekara 95.

In kana so ka ji shi da kanka, kada ka tsaya a guntun fim ɗin 1955, gajere ne kuma a hankali ya rera shi. Nemi faifan Decca na 1940, yana nan a intanet. Saurari I Got Plenty o' Nuttin', ka lura da yadda kowace kalma ke fita tas ba tare da ya sare layin waƙar ba, sannan Bess, You Is My Woman Now, shi da Anne Brown, ka kasa kunne daidai inda yake hawa sama ko za ka iya kama wurin da muryar ta sauya gado. Sa abin ji na kunne, lasifikar waya tana yanke ƙasan muryar bariton.